Abin da Ya Hana Su Kama Otal

Shafi na 23

Masu cika min akwatin saƙo da zagin Armand, na ji ku. Masu cewa ina ɗaure wa Josette gindi don halinmu ɗaya, ku ma na ji, kuma ban musa ba. Yau dai kowa ya riƙe bakinsa sai ya kai ƙasan shafi.

*

Laima kawai Josette ta fita ɗaukowa.

Tun da gari ya waye ake yayyafi, irin na bakin teku wanda ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa, shi ya sa aka fasa yawon yau. Mahaifiyarsu, Mama Delphine, ta shige kicin ɗin gidan hayar tun bayan karin kumallo, ta ce kowa ya ba ta wuri, fricot za ta dafa, romon kaza da dankalin da ta taso da shi. Can ta leƙo ta ce albasa ba za ta isa ba. Josette ta ce bari ta taka zuwa rumfar da ke mararraba. Laimar kuwa tana but ɗin motar yayanta Armand.

Makullin motar nan tun da suka baro Halifax bai bar aljihun Armand ba, ko banɗaki zai shiga da shi yake shiga. Yau ne ya mance shi a kan firij, ita kuma ba ta ga dalilin neman izini ba.

Ta ɗaga but. Laima na sama-sama. A ƙarƙashinta an lulluɓe wani abu da bargo, an cusa gefe da gefe da kyau. Da wata ce mai kawar da kai, da ta ɗauki laimarta ta rufe. Josette kuwa tun tana yarinya ba a ɓoye abu a inda take.

Ta yaye bargon.

Rigar sanyin Mama ce, doguwar nan ruwan toka mai gashi a wuya, wadda ba a fito da ita sai dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Ga takalman ƙanƙara a leda. Ga katakon da Mama ke ɗaura saƙar dardumarta a kai, an kwance shi an ɗaure da igiya. Can ƙasa kuma hoton Papa, marigayi mahaifinsu, tsaye a jirginsa na kamun ƙaguwa, hoton da ke rataye a saitin gadon Mama shekara da shekaru.

Watan Yuli ake ciki, kuma hutun mako ɗaya suka zo.

Ta tsaya ruwa na sauka a ƙeyarta ba ta ma sani ba. Babu ɗan ƙasar nan da zai ɗauko rigar ƙanƙara a Yuli sai wanda ba ya da niyyar komawa gida kafin sanyi ya shigo. Tsoro ya kama ta, daga baya ya juye ya koma baƙin ciki mai zafi. Shekara shida tana riƙe da Mama a gidanta. Ita ke ba ta magani, ita ke yanke mata farce, ita ta mayar da aikinta na kantin magani rabin yini. Yanzu wani ya taso daga Alberta, can wancan ƙarshen ƙasar, mutumin da sai a yi shekara biyu ba a ga ƙeyarsa ba, zai kwashe mata uwa a bayan mota ba ko sallama.

Ta fizgo rigar, ta bar but ɗin a buɗe.

Armand na baranda yana fasa ƙafafun ƙaguwa da bayan wuƙa. Matarsa Marlene ta shimfiɗa taswira a tebur tana zagaye wurare da jan biro. Daga kicin rediyo na tashi da goge, ana jin Mama na bin kiɗan ƙasa-ƙasa.

Josette ta jefa rigar a tsakiyar taswirar.

"Wayyo, taswirata," in ji Marlene.

"Yaya, mene ne wannan?"

Armand ya dubi rigar, ya shafa aljihunsa.

"Wa ya ba ki makullina?"

"Firij ne ya ba ni. Na ce mene ne wannan?"

"Riga ce. Ko idonki ya fara irin na Mama?"

"Na san riga ce, ni na saya mata. Me take yi a motarka a watan Yuli?"

"Bakin teku ne. Iska kan yi sanyi."

"Sanyin da zai sa a ɗauko takalman ƙanƙara? Shi hoton Papa ma sanyin yake ji?"

Marlene ta miƙe a hankali tana murmushin da ba na komai ba.

"Bari in duba ko Mama na neman mai taya ta."

"Zauna," Josette ta ce ko kallonta ba ta yi ba. "Ai da ke aka ƙulla."

Marlene ta koma ta zauna.

"Rage murya," in ji Armand. "Za ta ji."

"Yau ka tuna tana da kunne?"

"Josette."

"Kar ka kira min suna. Tun a waya na ce maka otal. Na ce a kama otal a cikin gari, a kawo abinci, a gyara gado, ni ma in san na zo hutu sau ɗaya a rayuwata. Ka ce a'a, sai gida mai kicin, mu dafa da kanmu. Ka ce wai a tsakiya yake, arewa kusa, kudu kusa, mu fita da safe mu zaga mu dawo, ba sai muna jan akwati daga gari zuwa gari ba."

"Ƙarya na yi? Ba a tsakiya yake ba?"

"Tsakiyar me? Shi nake tambayarka. Na yi ta mamaki. Gidan da ruwansa na rijiya ne mai warin ƙarfe, shara sai an raba ta gida uku, ranar tafiya sai mun cire zannuwan gado mun goge ko'ina kamar an ɗauke mu aiki. Wannan ne hutu? Ni dai wurin wanke-wanke kawai na canja."

"Ba wanda ya sa ki wanke-wanke."

"To wa zai yi? Matarka da ke wanke kofi da yatsa biyu?"

"Ni fa ban ce komai ba," in ji Marlene.

"Ci gaba da hakan, yana yi miki kyau."

Josette ta jawo kujera amma ba ta zauna ba, bayanta kawai ta riƙe. Abubuwan da suka wuce a makon nan suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya zo da haushinsa, don ita mace ce mai alfahari da cewa ba a yi mata wayo.

"Ran Litinin za mu kallon manyan kifayen teku, ka tsaya a wani gini mai doguwar baranda wai Mama za ta zaga. Zagawar da har na yi barci a mota na farka. Ina ta cewa ko cikinta ne ya ɓaci. Ran Talata wai ƙawarta ta makaranta za ku gaisar, kuka bar ni a kantin tsaraba da wannan tana gwada min huluna."

"Ai ta yi miki kyau, mai shuɗin," in ji Marlene.

"Jiya kuma kabarin Papa. Ka ce in tsaya a bakin jirage in zaɓo ƙaguwa tunda ni na iya zaɓe, mu ma sake zuwa tare kafin mu tafi. An kwana ana ruwa, Yaya. Maƙabartar nan laka ce har idon sawu. Kuka dawo takalmanku fes."

Armand ya ajiye wuƙar.

"Gidajen tsofaffi kake zagayawa da ita," Josette ta ce. "Shi ne yawon buɗe idon. Gidan nan a tsakiyarsu yake."

Ya ɗauki tsumma yana goge yatsunsa ɗaya-ɗaya. Armand ƙato ne, mai kaurin wuya, amma tun suna yara in an kama shi kunnuwansa ke fara tona masa asiri. Yanzu ma sun yi ja.

"Ba irin gidan da kike tunani ba ne."

Da ya musa ma da ya fi mata sauƙi. Ta ƙara damƙe kujerar.

"Ka ji kunya, Yaya. Da kabarin ubanka ka yi ƙarya."

"Mun je kabarin. A mota muka tsaya, ta ce ba za ta iya lakar ba."

"Ka kyauta. Allah ya saka wa mai kawo cakulan. Ina kake ranar da ta zame a banɗaki? Ina kake da aka yi mata aikin ido? Ka san sunan maganinta ko guda ɗaya?"

"Na san ƙwayoyi ne farare."

"Dariya ma na ba ka."

"Ba dariya nake ba. Kin gama? Don ni ma ina da baki."

"Buɗe shi mu ji."

"Na zo bara waccan, Mama na da ƙawaye a coci, tana fita saƙa ran Laraba. Na zo bana, na tarar da ita a kujera ɗaya gaban taga tun safe har yamma. Na ce mu fita, ta ce sai an tambayi Josette. Uwata, sai an tambayi Josette."

"Saboda ni na san lokacin maganinta."

"Saboda ba ki da kowa sai ita. Tun da Gilles ya tattara ya bar ki kika mayar da Mama sana'a. Ba riƙe ta kike ba, ke kike riƙe da ita kar ki faɗi."

Marlene ta dafe baki. Ko ita ta san an wuce gona da iri, don sunan tsohon mijin Josette ba a ambatarsa a gidan nan.

Kiɗan rediyon ya ƙare aka shiga labarin yanayi. Josette ta dubi yayanta.

"Na gode," ta ce.

"Ban so in faɗa haka ba."

"Ka so. Tun daga Alberta kake nanata shi."

"Josette, wurin fa da kyau," Marlene ta sa baki da muryar lallashi. "Ana hango teku, ga coci a kusa, har da wurin shuka tumatir."

"In ya yi miki kyau haka, kai taki uwar."

"Na kai ta ai. Har ƙiba ta yi."

Josette ta ja tsaki ta ɗauki rigar.

"Yanzu zan shiga in faɗa mata. Ta san irin ɗan da ta haifa. Kuma yau ɗin nan za mu koma Halifax ko da motar haya ce."

Ta zaci zai tare ƙofa, ko ya roƙe ta, ko ya yi borin kunya. Sai kawai ya koma ya ɗauki wata ƙafar ƙaguwa.

"Je ki," ya ce. "Faɗa mata."

Wannan "je ki" ɗin bai yi mata daɗi ba, amma ta riga ta juya.

Kicin ɗin ya cika da tururi da ƙamshin kaza. Mama Delphine, shekara tamanin da ɗaya, 'yar firit da ita, ta ɗaura gyale a ƙugu tana murza ƙullin fulawa ƙanana tana jefawa a tukunya. Fuskarta ta yi ja don zafin murhu. Rabon da Josette ta ga idonta na sheƙi haka har ta manta, kuma wannan ma ya ba ta haushi.

"Ina albasar?" in ji Mama.

"Mama, bar girkin nan. Je ki haɗa kayanki, gida za mu."

"Yau Alhamis. Sai Asabar za a karɓi makulli."

"Dubi abin da na gani a motar ɗanki."

Mama ta waiwayo, ta dubi rigar sama da ƙasa.

"Kin jiƙa min ita. Rataye ta a bayan ƙofa kar gashin ya lalace."

"Mama, ba ki gane ba. Takalmanki na ƙanƙara, katakon saƙarki, hoton Papa, duk suna can. Gidan tsofaffi zai kai ki ya jefar. Yawon nan duk ƙarya ne."

"Kin rufe but ɗin? Kar ruwa ya taɓa min hoto."

Josette ta tsaya da riga a hannu.

"Kin san suna can?"

"Ni na naɗe su. Armand ne zai iya naɗe riga haka? Yaron da ko safarsa bai iya haɗawa ba."

Armand da Marlene sun zo sun tsaya a bakin ƙofa. Babu wanda ya shigo.

"Tilasta miki ya yi," in ji Josette. "Ya cika miki kunne."

"Ni na kira shi. A wayar maƙwabciyarmu, kina wurin aiki. Gidan nan ma ni na zaɓa. Ya turo hotunan gidajen haya sun fi a ƙirga, wani da tafkin wanka, wani a kan dutse. Ban kalli gado ba, ban kalli teku ba. Murhu na riƙa dubawa."

"Na ce miki otal, kika ce duk abin da Armand ya zaɓa."

"Na faɗa."

"Ƙarya kika yi min ke nan."

"Na yi." Mama ta jefa wani ƙulli a tukunya. "Na faɗa wa Fada ma, ya ce in yi addu'a."

Hawaye suka taru wa Josette, ta mayar da su da ƙarfi. Ba za ta yi kuka a gaban Marlene ba ko za ta mutu.

"Me na yi miki, Mama? Me na rage ki da shi?"

"Ba ki rage ni da komai ba, 'yar nan."

"To mene ne?"

Mama ta goge hannu a gyalenta, ta juyo sosai.

"Ina makunnan murhun gidanki?"

"Mama."

"Tambaya na yi. Ina suke?"

"Wane makunnai?" in ji Armand.

"Na murhu, duk huɗun. Suna cikin jakarta. In za ta fita aiki sai ta zare su ta tafi da su. Ni da na ciyar da ubanku da ma'aikatan jirginsa shekara talatin, sai in zauna da burodi da shayi a filas kamar 'yar makaranta har ta dawo. Wuƙa mai kaifi tana saman kabad inda hannuna ba ya kai. Rannan ƙwai kawai na yi sha'awa. Ƙwai ɗaya, Armand. Na tsaya gaban murhu ina kallonsa."

"Kin ji ko?" Armand ya ce. "Kin ji abin da nake faɗa?"

Josette ta yar da rigar a ƙasa. Ta kama hannun rigarta na hagu ta naɗe shi har gwiwar hannu. Daga wuyan hannu zuwa sama fatar ta tattare, ta yi sheƙi, launinta daban.

"Faɗa masa dalili, Mama. Tunda yau ranar faɗar gaskiya ce."

Mama ta mayar da idonta kan tukunya.

"Mene ne wannan a hannunki?" in ji Armand.

"Shi ya sa kake ganina da dogon hannu a Yuli. Ka zaci ado ne? A sanyin da ya wuce ta ɗora mai a wuta, waya ta yi ƙara, ta je ta zauna hira. Na shigo daga aiki labule na ci, wuta ta kai rufi. Tana falo tana dariya da waya a kunne. Da hannun nan na fizgo labulen."

"Ba wanda ya gaya min."

"Ba wanda zai gaya maka."

"Me ya sa? Ba uwata ba ce?"

"Saboda na san abin da za ka yi. Ga shi kana yi."

Armand ya shigo kicin ɗin yanzu. Duk cika bakin nan na baranda ya zube.

"Mama, ce min kika yi hana ki kawai take yi. Ba ki ce an yi gobara ba."

"Ba ka tambaya ba."

"Ta yaya zan tambayi abin da ban sani ba?"

"Sau ɗaya ne," in ji Mama, muryarta ta yi kauri. "Shekara saba'in ina girki. Sau ɗaya."

"Sau ɗaya ne ya kama labule," in ji Josette. "Butar shayin da ta ƙone fa? Tukunyar da na jefar?"

"Ƙirga min kike yi?"

"Dole in ƙirga. Ni ke kwana da ido ɗaya."

"To ki huta. Hutun nake nema miki."

"Ban roƙe ki ba."

"Ni ma ban roƙe ki ki mayar da ni jaririya ba."

Suka tsaya suna kallon juna, uwa da 'ya, haɓa iri ɗaya, taurin kai iri ɗaya. Marlene ce ta lallaɓo ta ɗauke rigar daga ƙasa ta rataye a bayan ƙofa.

Mama ta ɗauki ludayi ta juya romon.

"Na ga wurare uku, biyu ban so ba. Na ukun yana ƙauyenmu, bayan cocin da aka ɗaura min aure. Ɓangare biyu ne. Ɗaya na masu ƙarfi, kowa da ɗakinsa da ɗan kicin ɗinsa. Ɗaya na waɗanda ake kai wa abinci a faranti. A na masu kicin ɗaki ɗaya ne ya rage. Madam Doucet mai kula da wurin, na san uwarta, tare muka yi saƙa. Ta ce ba ta ba tsohuwa murhu sai ta ci abincin hannunta, ta ga yadda take a kicin da idonta." Ta ɗanɗana romon ta ƙara gishiri. "Shi ya sa ba otal ba. A otal wa zai ga girkina?"

"Yaushe za ta zo?"

Josette ta dubi tebur. Sai yanzu ta lura an shimfiɗa farin ƙyalle, an jera kwanuka biyar.

"Yau?"

"Abincin rana," in ji Marlene a hankali.

"Kuma ta ce sai ta ji ta bakin wadda nake zaune da ita," in ji Mama.

Josette ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ashe shi ya sa aka taho da ni. Ina cewa hutu aka kawo ni, ashe shaida aka ɗauko. Da yaushe za ku gaya min? In ta zauna ta ɗauki cokali?"

"Na so in faɗa miki tun ran Lahadi," in ji Armand. "Kullum in na buɗe baki sai ki harare ni."

"Ƙaton banza."

"Na yarda."

"To ku saurara. Ta zo. Ina jiranta. Zan nuna mata hannun nan, in ba ta labarin labule da buta da tukunya, ko ɗaya ba zan rage ba."

"In kin faɗa ba za ta ba ni mai kicin ba," in ji Mama. "Ɗayan ɓangaren za ta sa ni, na masu faranti."

"Sai ki dawo gida."

Mama ta ajiye ludayin. Ta matso har sai da Josette ta ji ƙamshin albasa a hannunta, ta kama hannun nan mai tabo ta sauke mata rigar a hankali, ta ɓalla maɓallin.

"Ba zan dawo ba, Josette. Ko da kicin ko babu. A ƙauyen nan aka haife ni, a nan mijina yake kwance. Abin da ya rage a hannunki kawai shi ne wane ɗaki za a ba ni."

Josette ta janye hannunta. Shekara shida, kuma uwarta ta gwammace faranti a hannun baƙi da komawa gidanta. Abin ya soke ta fiye da maganar Gilles, fiye da wutar ma.

Ƙarar tayoyi a kan tsakuwa ta katse su.

Madam Doucet doguwa ce mai furfura, da takalman roba da burodi mai zafi a ƙunshe. Ta sumbaci Mama a kumatu biyu, ta gaisa da kowa, ta ce wani ya bar but ɗin mota a buɗe ta rufe musu. Idonta kuwa bai zauna wuri ɗaya ba. Ta dubi wuƙaƙe, ta dubi inda aka ajiye ashana, ta dubi hannun Mama.

"Kowa ya zauna," in ji Mama. "Ba na son taimako."

Armand ya yunƙura zai ɗaukar mata tukunyar, ta buge masa hannu. Ta naɗe tsumma a hannayen tukunya, ta sauke ta daga murhu, ta tako da ita har tebur ko ɗigo bai zuba ba. Ta koma ta yar da tsumman a gefen murhun, ta zo ta zuba wa kowa, ta zauna tana haki kaɗan, tana murmushi.

Madam Doucet ta kai cokali baki ta lumshe ido.

"Rabona da irin wannan tun rasuwar mahaifiyata."

"Ita ba ta sa ƙullin fulawa da yawa," in ji Mama. "Na sha gaya mata."

Aka yi dariya, ban da Josette. Kujerar da ta samu ita kaɗai ce ke fuskantar murhu, sauran duk sun ba shi baya.

Kan murhun na baya yana ci.

'Yar wuta ce shuɗiya, ƙasa-ƙasa, ba komai a kanta, da ƙyar ake ganinta a hasken rana. Tsumman da Mama ta yar yana kwance kusa da ita, bakinsa ya leƙa kan ƙarfen.

In ta tashi ta kashe, kowa zai waiwaya, magana ta ƙare ba sai ta ce uffan ba. In ta zauna, ita ta san abin da tsumma ke yi kusa da wuta.

Madam Doucet ta goge baki ta juyo gare ta.

"Ke ce Josette ko? Ke kike zaune da ita. Tambaya ɗaya gare ni, kuma gaskiya nake so. Kin taɓa ganin ta manta wuta a kunne?"

Mama ta ɗago ta dubi 'yarta. Ba harara, ba murmushi. Ta ajiye cokalinta a bakin kwano.

A bayan kanta, bakin tsumman ya fara yin baƙi.

"Josette," in ji Madam Doucet. "Ke nake saurare."